Kafin Asma Ta Tashi: Halin da Masu Ciwon Huhu Ke Ciki a Fadamar Haɗeja

Da zarar Nuwamba ya raba tsakiya, garin Haɗeja sai ya sake kama. Hazo ya sauko ya lulluɓe bakin kogi, rana ta fito ba kaifi, masu babura su naɗe hanci da baki da rawani. A gefen gari injinan casar shinkafa na tayar da ƙaiƙayi. A wuraren masu kifi hayaƙin banda ya turnuƙe tun da asuba. A cikin gidaje kuma mata na turara shinkafa a manyan tukwane, suna iza wuta da itace da ɓuntu.

Ga mai lafiya, wannan lokacin mura ne da kaushi. Ga mai asma, ko dattijuwar da huhunta ya sha hayaƙin murhu shekara arba'in, lokacin zullumi ne. Galibi cikin dare abin ke zuwa. Ƙirji ya ɗaure, numfashi ya riƙa fita da ƙyar yana 'yar ƙara, kwanciya ta gagara, sai zama da dafe gwiwa. Mutanen gida su ce "ta tashi". A nemo babur, a ƙwanƙwasa wa mai kemis ƙofa ko a zarce asibiti. A yi allura, a ba da abin shaƙa, in abin ya yi ƙamari a sa iskar oksijin. Kafin hantsi numfashi ya daidaita, a koma gida ana hamdala.

Daga nan ba mai sake waiwayar maganar sai ranar da ta kuma tashi.

A nan gizo ke saƙar. Masana cututtukan huhu sun daɗe da haɗuwa a kan cewa a ranakun da mai ciwo ke jin garau ake cin galabar asma da dangoginta. Abin da ake nufi da shirin kula da masu cutar numfashi mai daɗewa ke nan: a gane ciwon, a rubuta sunan mai shi, a ba shi maganin kariya, a koya masa amfani da shi, a sa masa ranar dawowa, in bai dawo ba a neme shi. Haɗejawa ba baƙin wannan hikima ba ne. Duk wanda ya ga yadda matasan gari suka yi ta cika buhuna da yashi a ambaliyar 2022 ya san jingar da aka ɗaga da rani ta fi wadda ake ɗagawa ruwa na bakin ƙofa.

Ba kowane tari ne iri ɗaya ba

A bakin jama'a, tari da haki da sarƙewar numfashi duk sanyi ne ya kama mutum. A wurin likita kuwa cututtuka ne daban-daban, kowacce da maganinta.

Ta farko ita ce asma. Hanyoyin iska na cikin huhu ne ke kumbura, su zama masu saurin harzuƙa. Ƙura kaɗan, ko hayaƙi, ko sanyin asuba, sai su tsuke. Tana yawan farawa tun ƙuruciya, tana bin dangi, amma ba a ɗaukar ta daga wani. Ba ta barin mutum ɗungurungum, sai dai da maganin da ya dace mai ita zai yi noma, ya yi su, ya buga ƙwallo kamar kowa.

Ta biyu ita ce toshewar hanyoyin numfashi ta dindindin, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da COPD. Ita sannu a hankali take cin huhu, sai mutum ya haura arba'in take bayyana: tari da kaki kullum, haki in an ɗan taka, har ɗaukar bokitin ruwa ya gagara. Abin da ta ɓata ba ya dawowa, amma ana iya taka mata birki.

Ta uku ita ce tabon da tarin fuka, wato tibi, ke bari. Mutum ya sha maganin tibi wata shida, ƙwayar cutar ta mutu, amma huhu ya riga ya illata, tari da haki su zame masa abokan zama.

Akwai kuma masu kama da waɗannan alhali ba su ba ne. Mai jegon da ke haki, ƙafafunta sun kumbura, ta kasa kwanciya rigingine, sau da yawa zuciyarta ce ta raunana. Likitocin Zariya da Kano sun daɗe da nuna yawan wannan ciwo a ƙasar Hausa. Ɗora irin wannan baiwar Allah a kan maganin asma ɓata lokaci ne mai haɗari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum sama da miliyan 260 ne ke da asma, kuma ta yi ajalin kimanin 450,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. COPD kuwa tana kashe sama da miliyan 3 duk shekara. A Najeriya, wani bincike da aka wallafa a 2019 ya ƙiyasta masu asma da kusan miliyan 13. Wani kuma da aka yi a Ile-Ife ya sami toshewar numfashi ta dindindin a jikin kusan mutum 8 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40.

Kowane yanayi da nasa

A fadamar Haɗeja huhu ba ya samun hutu, domin kowane yanayi na shekara da abin da yake kawowa.

Hunturu na zuwa da iskar arewa maso gabas, wadda ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele a arewacin Chadi. Wurin tsohon gindin babban tafki ne da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce, kuma masana na lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ƙasar Haɗeja, daga Birniwa zuwa Guri da Kirikasamma, na kan hanyarta. Manyan ƙwayoyin ƙurar hanci ne ke tare su. Ƙananan, waɗanda ido ba ya gani, su ke zarcewa can cikin huhu.

Noman rani shi ne arzikin yankin. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, aka kuma shimfiɗa aikin ban ruwa na kwarin Haɗeja a wajen Auyo, gona ba ta zama banza: shinkafa, alkama, tattasai, albasa. A yankin nan ne ma aka ƙaddamar da shirin noman alkama na ƙasa a Nuwamban 2023. Sai dai kowane girbi da sussukarsa da shiƙarsa da ƙona tarkacen gona. Ga matasa masu feshin maganin ciyawa da na ƙwari, da yawansu ba abin rufe hanci. Ga ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa, wadda manoma ke sarewa su cinna mata wuta.

Damina na zuwa da nata. Bayan ambaliya ta janye, ɗakunan ƙasa kan daɗe da laima, funfuna ta kama bango da tabarmi da katifa, ita kuwa tana cikin manyan masu tayar da asma. Waɗanda ruwa ya kora sukan cunkushe a azuzuwan makarantu, ana kunna maganin sauro mai hayaƙi a rufaffen ɗaki. Hanyoyi su yanke, ƙauyuka da dama sai da kwalekwale. Wanda maganinsa ya ƙare a irin wannan lokaci ya shiga uku.

Da kaka kuwa ga kakkaɓar riɗi, ga sussukar gero, ga shanyar barkono da ko mai lafiya sai ya yi atishawa. Kafin a gama, hazo ya dawo.

Hayaƙin madafi

A Turai ana kallon COPD a matsayin cutar mashaya taba. A Najeriya matan da ke shan sigari ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, amma ana ganin dattawan mata da huhu irin na wanda ya shekara talatin yana zuƙa. Murhu ne sanadi.

Kusan kashi biyu cikin uku na gidajen ƙasar nan da itace ko gawayi ko kara suke girki, a ƙauyukan Jigawa kuwa kusan kowane gida ne. Inda itace ya yi tsada, kashin shanu da ɓuntu da totuwar masara ke maye gurbi. Hukumar Lafiya ta Duniya na danganta mutuwar mutum kimanin miliyan 3 a shekara da gurɓatacciyar iskar cikin gida.

Mace na tsugune gaban wuta, goyonta na baya yana shaƙar abin da take shaƙa. Huhun yaro bai gama girma ba. Hayaƙi da yawan nimoniya a ƙuruciya kan hana shi kai ƙarfin da ya kamata, illar kuma sai bayan shekaru take fitowa. Da sanyi ya tsananta, sai a shigo da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Turaren wuta, da ba a raba ɗakin mace da shi, shi ma yana tayar wa masu asma ciwonsu.

Ga mai bandar kifi, da mai turara shinkafa, da mai suyar ƙosai ko ƙuli-ƙuli, hayaƙin nan shi ne abincin 'ya'yanta. Ce mata ta daina ba shawara ba ce. Ce mata ta koma girkin gas, a lokacin da kilo ɗaya ya haura naira dubu, shi ma magana ce ta fatar baki. Abin da take iyawa shi ne amfani da busasshen itace, fitar da murhu fili ko huda wa madafi taga, nesanta yaro daga wuta, da gina wurin banda mai bututun fitar da hayaƙi sama. Ma'aikacin lafiyar da ya san sana'ar mai ciwo shi ke iya ba da irin wannan shawara.

Allura, ƙwaya da inhela

Ga yawancin mutanen karkara, mai kemis ne likitan farko. Yana kusa, yana ba da bashi, yana sayar da ƙwaya ko ta kwana biyu. Abin da aka saba bayarwa shi ne ƙwayar salbutamol, da firednisolon ko deksametason, da maganin tari, wani lokaci da allura. Jama'a sun yi imani da allura, gani suke ita ce magani mai ƙarfi.

Ƙwayoyin firednisolon da deksametason suna aiki, likitoci ma suna ba da su na 'yan kwanaki in ciwo ya tashi. Amma wanda ya mai da su abin sha kullum na jawo wa kansa ciwon suga, hawan jini, raunin ƙashi da yanar ido. Magungunan ciwon jiki irin su asfirin da ibufurofen, da manoma ke sha bayan wuni a gona, suna tayar wa wasu asma, yawan shan irinsu kuma na taɓa ƙoda, a yankin da ciwon ƙoda ya riga ya zama abin kuka.

Maganin da ya fi dacewa shi ne na shaƙa, domin kai tsaye yake zuwa huhu, kaɗan kuma ya wadatar. Iri biyu ne. Akwai inhela mai launin shuɗi, ta salbutamol, mai buɗe hanyar iska cikin 'yan mintoci. Aikinta na sa'o'i kaɗan ne, kuma ba ta taɓa kumburin da ke haddasa ciwon. Akwai kuma ta kariya, mai ɗauke da beklometason ko budesonid, wadda ake shaƙa kullum ko da ana jin lafiya, a kurkure baki bayan an gama. Ita ce ke kwantar da kumburin, ta rage tashin ciwo da mutuwa.

A 2019 kwamitin masana na duniya da ke fitar da ƙa'idojin maganin asma, GINA, ya daina amincewa da ɗora babba ko matashi a kan shuɗiyar inhela ita kaɗai. An lura cewa mai ƙarar da uku ko fiye a shekara na cikin haɗarin mummunan tashin ciwo. Amma a kantunan maganinmu shuɗiyar aka sani. Masu asma da yawa ba su taɓa jin labarin ta kariya ba.

Sai batun tsada. A watan Agustan 2023 kamfanin GSK, mai yin Ventolin da Seretide, ya sanar da daina sayar da magungunansa kai tsaye a Najeriya. Hakan ya zo daidai da cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira, farashin inhela ya ninka har ya sake ninkawa, a wasu wuraren ma ta yi ɓatan dabo. A Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin ɗage haraji a kan kayan haɗa magunguna, sai dai kusan duk inhelar da ake amfani da ita a ƙasar nan daga waje ake shigo da ita. Magidancin da zai zaɓa tsakanin buhun taki da maganin da ba a ganin aikinsa nan take, an san inda zai karkata.

Abin da shirin kula ya ƙunsa

Irin wannan shiri ba ya bukatar sabon gini. Matakinsa na farko tantancewa ne. Duk mai tarin da ya kai mako biyu a fara gwada kakinsa don kawar da zargin tibi. In ba ita ba ce, a tambayi tarihi: yaushe ciwon ke tashi, me ke tayar da shi, wace sana'a ake yi, da me ake girki. Na'urar auna ƙarfin huhu ta zamani galibi a asibitocin koyarwa ake samun ta, amma akwai 'yar ƙaramar ta roba da ake hurawa, mai araha, ba ta bukatar lantarki, kuma tana isa a bi sawun mai asma.

Na biyu, rajista da kati. Sunan mai ciwo, unguwarsa, maganin da yake sha, ranar da zai dawo.

Na uku, koyarwa. An sha nunawa a ƙasashe daban-daban cewa mafi yawan masu inhela ba su iya shaƙarta daidai ba. Maganin a harshe da maƙogwaro yake tsayawa. Akwai wata 'yar gora da ake haɗawa da bakin inhela, a fesa maganin ciki sannan a zuƙa a hankali. A ƙarshen shekarun 1990 likitocin yara a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu suka nuna cewa gorar roba ta rabin lita, in aka huda gindinta daidai bakin inhela, tana yin kusan aikin ta kanti. Babu ƙauyen da ba a samun irin wannan gora.

Na huɗu, kowane mai ciwo da iyalinsa su san abin yi: me za a sha kullum, me za a ƙara in mura ta shigo, da alamun da ba a jira da su. Wanda ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓɓansa suka sauya launi, ko ya shaƙi shuɗiyar inhela ba sauƙi, asibiti ake nufa da shi nan take.

Na biyar, ga masu COPD da masu tabon tibi, akwai daina taba ga mai sha, motsa jiki da atisayen numfashi daidai ƙarfi, abinci mai gina jiki, da hanyar tura waɗanda ciwonsu ya yi nisa zuwa Babban Asibitin Haɗeja, daga can kuma zuwa Dutse, ko Asibitin Tarayya na Nguru, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

Inda aka gwada

Ƙasar Finland ta gudanar da shirin asma na ƙasa daga 1994 zuwa 2004. Ginshiƙinsa shi ne horar da likitoci da ma'aikatan jinya na ƙananan asibitoci da masu kantin magani, da fara maganin kariya da wuri. Kwanakin da masu asma ke yi kwance a asibiti sun ragu da fiye da rabi.

Wani zai ce ai Finland ƙasar masu hannu da shuni ce. To, a birnin Salvador na Brazil an fara wani shiri a 2003 na bai wa talakawa masu asma mai tsanani inhelar kariya kyauta tare da koyarwa, kwanciya asibiti ta ragu ƙwarai. A Sudan an gwada tsarin rajista da kati a asibitocin Khartoum da Jazira, yankin noman rani irin namu, zuwa sashen gaggawa ya ragu ga waɗanda suka dage. A Kwatano ta Jamhuriyar Benin ma an yi makamancin haka, ta hanyar sayo inhela a sari da sayar da ita a farashi mai sauƙi, kuɗin na juyawa. Matsalar da Sudan da Benin suka fi cin karo da ita ita ce masu ciwo da ke daina zuwa da zarar sun ji sauƙi, da yankewar magani.

Kusa da gida akwai misalin Kano. Tun daga 2020 ake gudanar da shirin shawo kan hawan jini a ƙananan asibitocin Kano da Ogun: ƙa'ida guda mai sauƙi, ma'aikatan lafiya na matakin farko ke aiwatarwa, kowane mai ciwo da katinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da irin wannan kundin aiki na ƙananan asibitoci tun 2010, kuma asma da COPD na cikinsa.

Darasi daga sashen tibi

Tsarin da ake nema ba daga nesa za a ɗauko shi ba. Yana nan a sashen tibi na asibitocin masarautar Haɗeja. Gwajin kaki kyauta ne, magani kyauta ne, akwai littafin rajista, akwai kati, akwai wani na kusa da ke lura da shan magani, akwai bin sawun wanda ya tsere. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kimanin mutum rabin miliyan ke kamuwa duk shekara, don haka an zuba ƙarfi a wannan fanni.

Sai dai tsarin na barin mutum biyu a baya. Na farko wanda ya zo da tsohon tari, aka gwada, aka ce masa ba tibi ba ce. Ya yi murna, amma tarinsa na nan, ba a kuma faɗa masa mene ne ba. Sai ya koma kemis. Na biyu wanda ya kammala wata shida, aka rufe katinsa a matsayin warkakke, amma haki bai bar shi ba. Wani lokaci akan sake ɗora irin wannan a kan maganin tibi alhali tabo ne kawai.

Waɗannan biyun sun riga sun kawo kansu, suna zaune a kan benci. Da a ce akwai littafi na biyu a teburin da ke kusa, su ne za su fara cika shi.

Masu ja da masu shakka

Ba kowa ke ganin lokacin wannan shiri ya yi ba, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne.

Masu tsara kasafin lafiya na da dogon layi a gabansu: zazzabin cizon sauro, tamowa, mutuwar mata wurin haihuwa, rigakafin yara, ɓarkewar amai da gudawa bayan ambaliya. Waɗannan suna kisa da gaggawa, ana kuma ƙirga su. Amsar masu goyon bayan shirin ita ce kuɗin da ake kashewa a gado da oksijin da allura duk lokacin da ciwo ya tashi ya fi na kariya, ban da kwanakin aiki da na makaranta da ake asara.

Ma'aikatan ƙananan asibitoci na da nasu kukan. Mutum ɗaya ke awon ciki, shi ke rigakafi, shi ke cike takardun rahoto. Ƙara masa littafi ba tare da horo da magani a kanta ba ƙarin nauyi ne kawai. Wanda aka rubuta sunansa ya dawo sau biyu bai sami magani ba, ba zai dawo na uku ba.

Masu ciwo kuwa tsoro ne ke hana wasu. Ana cewa wanda ya fara inhela ba ya rabuwa da ita, ko ita ce makamin ƙarshe na wanda ciwonsa ya gagara. Ba ta sa jaraba. Ciwon ne mai daɗewa. Wasu iyaye na ɓoye asmar 'ya mace don gudun kada ta rasa manemi, wasu na ware wa mai ita kwano saboda sun rikita ta da tarin fuka.

Ga tambayar azumi. Malamai sun yi saɓani kan ko shaƙar inhela na karya shi. Wasu na ganin tana karyawa, wasu kuma, irin su Ibn Baz da Ibn Usaimin, sun ba da fatawar ba ta karyawa. Sauƙin da ke ciki shi ne ana iya shaƙar ta kariya da sahur da bayan buɗa baki. Wanda numfashinsa ya sarƙe da rana kuwa, shari'a ba ta ce ya halaka kansa ba. Limaman gari na da rawar takawa a nan.

Masu maganin gargajiya ma suna cikin lissafi, domin wurinsu ake fara zuwa a ƙauyuka da dama. Zuma da citta na sanyaya maƙogwaro, amma hayaƙin da ake turara wa mai sarƙewar numfashi ƙara tsuke hanyar iska yake yi. Jawo su a jika, su riƙa tura masu tsohon tari gwaji, ya fi yin gaba da su.

Akwai kuma masu ganin raba ingantattun murahu shi ne mafita. Ana maraba da su don sauƙin itace da rage sare itatuwa. Amma wani babban gwaji da aka yi a ƙauyukan Malawi ya nuna cewa sabon murhu shi kaɗai bai rage nimoniyar yara ba, domin hayaƙi na zuwa ta kafofi da yawa. Gyaran iska aiki ne na shekaru. Wanda huhunsa ya riga ya kamu yau yake bukatar magani.

Wa zai biya?

Hanyoyin kuɗi na nan a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora, ta kuma tanadi asusun marasa galihu. Jigawa na da hukumar asusun lafiya na taimakekeniya, JICHMA, da manufar samar da ingantaccen ƙaramin asibiti a kowace mazaɓa daga cikin 287 na jihar. Kwalejin kiwon lafiya ta Jahun na yaye ma'aikatan da za su iya aikin.

Abin da ya kamata Haɗejawa su riƙa tambayar wakilansu da shugabannin ƙananan hukumomi takwas na masarautar shi ne: shin inhelar kariya na cikin jerin magungunan da inshora ke biya? In tana ciki a takarda, tana kan kanta a Kafin Hausa da Kaugama da Malam Madori? Sayen sari a matakin jiha na karya farashi, domin akwai ingantattun inhela na kamfanoni daban-daban da suka fi sanannun araha.

Tsarin rabon magani kuma dole ya bi yanayin fadama. Ƙauyukan Guri da Kirikasamma da Auyo na bukatar maganin wata uku a hannu kafin ruwan Agusta ya yanke hanya, a kuma sake cika kanta kafin ƙurar Nuwamba. Masu kemis, da su ake fara gani, a horar da su su san bambancin inhela biyun da lokacin da za su ce a wuce asibiti. Malaman makaranta su san abin yi in ta tashi wa ɗalibi a aji.

Ba da yawan kwalayen da aka raba a wurin biki za a auna nasara ba. Ma'aunin shi ne cikin waɗanda aka rubuta, nawa ne suka dawo a wata na uku da na shida, kuma nawa ne suka shekara ba a kwashe su cikin dare ba. Abu huɗu aikin ke bukata: littafi, kati, ma'aikacin da ya san hannu, da maganin kariya da ba ya yankewa. Sashen tibi ya nuna cewa ukun farko na yiwuwa a ƙasar Haɗeja. Na huɗun magana ce ta kasafin kuɗi, kuma a Dutse ake yanke ta.